Waliyiya Josefin Bakhita: Baiwar da Ta Gane Ubangijinta

Kowace shekara a ranar 8 ga Fabrairu Ikilisiya takan tuna da wata 'yar Afirka wadda ta sha azaba tun tana ƙarama, wahalar kuwa ba ta kashe mata zuciya ba. Ya kamata mu san labarinta, gama da yawa cikinmu muna ɗauke da namu nauyin.

An haife ta wajen shekara ta 1869 a yankin Darfur, ƙasar Sudan, cikin kabilar Daju. Ba ta kai shekara goma ba masu farautar bayi suka sace ta. Tsananin firgita ya sa ta manta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka sace ta ne suka kira ta Bakhita, wato mai sa'a a Larabci. Aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu. A gidan wani hafsan sojan Turkiyya aka tsattsaga jikinta da aska har wuri 114, aka cusa gishiri a raunukan. Da waɗannan tabo ta tafi kabari.

A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya, Callisto Legnani, ya saye ta a Khartum. Shekara biyu bayan haka ta bi shi zuwa Italiya, inda ta zama mai renon 'yar iyalin Michieli. Wakilin gidan, Illuminato Checchini, ya ba ta ƙaramin gicciye na azurfa. Nan ta ga Wanda shi ma aka yi wa bulala, aka sayar da shi a kan kuɗi. Da aka ajiye ta wurin Sistocin Kanosa a birnin Benis, sai ta koyi sunan Allahn da take jin kasancewarsa tun tana yarinya, lokacin da takan dubi wata da taurari tana tambayar ko wa ya yi su.

Da uwar gidanta ta zo ɗaukar ta su koma Sudan, Bakhita ta ƙi. Maganar ta kai gaban hukuma, a ranar 29 ga Nuwamba 1889 kuwa aka tabbatar cewa ita 'ya ce, domin dokar Italiya ba ta san bauta ba. Aka yi mata baftisma ranar 9 ga Janairu 1890 da sunan Josefin. Ta ɗauki alkawarin zaman sista ranar 8 ga Disamba 1896.

Daga 1902 ta zauna a garin Schio, tana girki, tana kula da kayan bagade, tana tsaron ƙofa. Ta ga yaƙin duniya biyu a can, tana ƙarfafa mutanen gari. Takan ce da za ta sadu da waɗanda suka sace ta, da ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, gama ta wannan hanya ce ta san Kristi. Wannan ba wanke laifin bauta ba ne. Mugunta muguntar ce, amma Allah ya fi ta ƙarfi.

Kada mu zaci bangaskiya ta share mata ciwon. A rashin lafiyarta na ƙarshe kwanakin bauta sun dawo mata, har tana roƙon mai jiyya ta sassauta mata sarƙoƙi. Duk da haka da sunan Uwargijiyarmu Maryamu a bakinta ta cika, ranar 8 ga Fabrairu 1947. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana ta Mai Albarka ranar 17 ga Mayu 1992, Waliyiya kuma ranar 1 ga Oktoba 2000. Tun 2015 ranar idinta ta zama ranar addu'a domin waɗanda ake fataucinsu.

Mu da muka san rashi, da tsoro, da 'yan'uwa a hannun masu garkuwa, muna da 'yar'uwa a sama wadda ta san waɗannan duka. Bari mu roƙi Ubangiji ya ba mu irin haƙurinta da zuciyar gafara. Waliyiya Josefin Bakhita, ki yi addu'a dominmu. Amin.