Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Lorenzo Langstroth (1810 – 1895)

Gabatarwa

 A wannan karon na zaɓo mana wani fasto ɗan ƙasar Amurka mai suna Lorenzo Lorraine Langstroth, wanda ake ɗauka a matsayin uban kiwon zuma na zamani. Dalilina na zaɓensa shi ne, duk akwatin kiwon zuma mai firam da za ka gani a gonar gwaji ta wata jami'a ko a gonar wani mai sana'a, asalinsa yana komawa ga wani ɗan awo da wannan mutum ya lura da shi a shekarar 1851. Shi kansa bai kai ga wannan ba sai da ya zauna ya karanci abin da magabatansa suka bari. Saboda haka tarihinsa zai nuna mana amfanin ilimin mutanen da ga mai kiwon zuma na yau.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Langstroth a birnin Filadelfiya ranar 25 ga Disamba, 1810. Tun yana yaro Allah ya ɗora masa son kallon ƙwari, har yakan durƙusa a ƙasa tsawon lokaci yana bin tururuwa da ido, abin da iyayensa suka ɗauka shiririta ce. Ya shiga Jami'ar Yale ya kammala a 1831, daga baya ya koyar da lissafi a can. A 1836 ya zama fasto a garin Andover na jihar Masacusets, a shekarar ce kuma ya auri matarsa Anne Tucker.

Sai dai akwai wata lalura da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, wato ciwon damuwa mai tsanani. Idan ya taso masa yakan yi watanni ba ya iya aiki, ba ya son ganin kowa. Wannan ciwo ya sa ya ajiye aikin coci fiye da sau ɗaya ya koma koyarwa a makarantun 'yan mata. A cikin wannan hali ne, wajen shekarar 1838, ya ga saƙar zuma cikin wani gilashi a gidan abokinsa, abin ya ba shi sha'awa, ya sayi amya biyu ya fara kiwo.

Yadda Ake Kiwon Zuma Kafin Zuwansa

Domin mu gane girman aikinsa, ya kamata mu san matsalar da ya tarar. A Turai da Amurka na wancan zamani, ana ajiye ƙudan zuma ne a cikin kwandon ciyawa, ko kututturen itace mai rami, ko akwati wanda babu komai a cikinsa. Ƙudan kan manna saƙarsu a jikin bango da rufi. Mai kiwo ba ya ganin abin da ke ciki, bai san ko sarauniya tana raye ba, bai san ko cuta ta shiga ba. Idan lokacin ɗiba ya yi, da yawa sukan turara farar wuta su kashe ƙudan gaba ɗaya, sannan su yanke saƙar su matse. Mu da muka san yadda ake ɗibar amya da dare da wutar kara a ƙasar Hausa, wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu: a sami zuma, a yi asarar ƙwai da 'ya'ya, wani lokaci ma wutar ta tsere ta ci daji.

Magabatan da Ya Karanta

Langstroth bai tsaya ga kallon amyarsa kaɗai ba. Ya nemi littattafan waɗanda suka gabace shi, kuma babba a cikinsu shi ne François Huber na ƙasar Suwizalan, wanda ya rayu daga 1750 zuwa 1831. Huber makaho ne tun yana saurayi. Shi yake tsara gwaji, baransa François Burnens ya duba ya faɗa masa abin da ya gani. Ta haka suka tabbatar da cewa sarauniyar zuma tana saduwa da namiji ne a sararin sama, a wajen amya. Huber ya ƙera wata amya mai firam-firam da ake buɗewa kamar shafukan littafi, ya kuma wallafa bincikensa a 1792. Langstroth ya mallaki irin wannan amya, ta kuma tabbatar masa da cewa za a iya buɗe gidan zuma a duba saƙa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an hallaka su ba. Aibinta shi ne wuyar sarrafawa, ta fi dacewa da mai bincike a kan manomi.

Akwai kuma Jan Dzierzon, wani limamin coci daga yankin Silesiya, wanda ya bayyana a 1845 cewa mazan ƙudan zuma suna fitowa ne daga ƙwan da ba a yi wa barbara ba. Shi ma yana amfani da sanduna a saman amya domin ƙudan su rataya saƙa a jikinsu. Wani abokin Langstroth mai suna Samuel Wagner, wanda ya iya Jamusanci, shi ya sanar da shi ayyukan wannan malami. Tun kafin su duka, manoman ƙasar Girka suna jera sanduna a bakin kwando domin su riƙa ɗaga saƙa, kamar yadda wani matafiyi Bature, George Wheler, ya bayyana a littafinsa na 1682. Duk da haka matsala ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: ƙudan suna manne gefen saƙar da bango, sai an sa wuƙa an yanka kafin a ɗaga.

Ratar Zuma

A ƙarshen watan Oktoba na 1851, yana zaune a Filadelfiya, Langstroth ya gano bakin zaren. Ya lura cewa idan rata tsakanin abubuwa biyu a cikin amya ta gaza kimanin milimita 6, ƙudan sukan toshe ta da wani danƙo da suke kwasowa daga jikin itatuwa. Idan ta wuce kimanin milimita 9, sai su gina saƙa a ciki. Amma idan ta tsaya tsakanin waɗannan biyu, sai su bar ta a matsayin hanyar wucewa. Wannan ita ce abin da zan kira ratar zuma.

Da ya fahimci haka, sai ya rataya firam-firam na katako a cikin akwati, ya bar wannan rata tsakaninsu da bango da rufi da kuma tsakanin junansu. Ƙudan suka gina saƙarsu a cikin firam, ba su manne komai ba. Daga nan mai kiwo ya sami ikon ɗaga saƙa ya duba, ya mayar da ita wurinta. Ranar 5 ga Oktoba, 1852, gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar wannan ƙirƙira, a 1853 kuma ya fitar da littafinsa a kan amya da ƙudan zuma, wanda kamfanin Dadant ya ci gaba da sabuntawa da bugawa bayan zamaninsa.

Wasu ƙirƙire-ƙirƙiren suka biyo baya, kowannensu ya dogara da firam mai ɗaguwa. A 1857 Johannes Mehring na Jamus ya fito da shimfiɗar kaki mai zanen saƙa wadda ake sa wa a firam. A 1865 Franz Hruschka ya fito da injin da ke juya firam da gudu zuma ta fita, saƙar kuma ta tsira a mayar wa ƙudan. Wannan ba ƙaramar riba ba ce, domin ƙudan sukan sha kilo da yawa na zuma kafin su samar da kilo ɗaya na kaki.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1858 ya koma garin Oxford na jihar Ohayo, inda ya shuka itatuwa masu fure domin ƙudansa, ya kuma shiga sahun waɗanda suka yaɗa ƙudan zuma irin na Italiya a Amurka saboda sauƙin halinsu. Mai karatu zai zaci ya yi arziki. Ina! Tsarin akwatin yana da sauƙi ƙwarai, duk kafinta zai iya kwaikwayo, mutane kuwa suka yi ta ƙerawa ba tare da sun biya shi ko sisi ba. Shari'o'in da aka yi ba su tsinana masa komai ba sai ƙarin ciwo. Matarsa ta rasu a 1873, a 1887 kuma ya koma wurin 'yarsa a birnin Dayton. A can ya rasu ranar 6 ga Oktoba, 1895, yana kan mumbarin coci zai fara wa'azi, yana da shekara 84. Gidansa na Oxford yana nan a harabar Jami'ar Miami ta Ohayo, an mayar da shi wurin tarihi.

Amfanin Iliminsa a Yau

A ganina, hujja mafi ƙarfi a kan darajar wannan tsohon ilimi ita ce abin da ya faru bayan rasuwarsa. A 1987 wata 'yar ƙaramar kaska mai suna varowa ta ɓulla a Amurka, tana maƙale wa ƙudan zuma da 'ya'yansu tana yaɗa musu cututtuka. Langstroth bai taɓa ganin ta ba, amma da firam ɗinsa ake gano ta, domin sai an ɗaga saƙa an duba kafin a san yawanta a yi magani. Haka nan raba amya ɗaya zuwa biyu, da sauya sarauniyar da ta tsufa, da hana ƙudan yin ƙaura, da ɗaukar akwatuna a manyan motoci zuwa gonakin almon na Kalifoniya domin barbarar fure, duk sun ginu ne a kan ratar nan ta 'yan milimitoci.

Darasi na biyu ya shafe mu kai tsaye. Tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, masana daga Jami'ar Guelph ta Kanada tare da abokan aikinsu na Kenya sun koma ga tsohuwar dabarar kwandon Girka, suka fito da akwati mai sanduna a sama wanda ba ya buƙatar firam ko injin tatsa. Shi ne ake kira akwatin Kenya, kuma ana amfani da shi a Nijeriya saboda araharsa. Amma ƙudan zumarmu na Afirka sun fi na Turai ƙanƙanta, shi ya sa faɗin sandar da ta dace da su yake kimanin milimita 32, na Turai kuwa 35. Kafintan da ya kwafi akwatin Turai ido rufe, ko ya yi wasa da awo, zai ba mai kiwo akwatin da ƙudan za su saƙa shi a karkace su manne shi, a koma gidan jiya. Wanda ya san dalilin awon kuwa zai daidaita shi da ƙudan ƙasarsa.

Kammalawa

Langstroth ya tattara abin da makaho Huber da limami Dzierzon suka bari, ya ƙara nasa, duniya ta amfana ko da shi bai mori wahalarsa ba. Mu ma muna da namu magabatan. Dattijon da ya shekara arba'in yana ɗora amya ya san lokacin da ɗorawa da kaɗanya suke fure, ya san itacen da ƙuda ke so, ya san turaren da ake yi wa sabuwar amya domin a jawo su. Mafi yawan wannan sani yana cikin ƙwaƙwalwa ne kawai, da kalmominsa da karin maganarsa. Ina kira ga 'yan'uwana masu nazarin harshe, idan lokacin zaɓen batun kundin digiri ya zo, wani daga cikinmu ya ɗauki littafi da rikoda ya je ya zauna da waɗannan dattawa tun suna raye. Hausawa dai sun riga sun faɗa, da tsohuwar zuma ake magani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.