Babban Gwani: Maginin da ya bar wa Zariya alamarta

Wasu birane da hasumiyar talabijin ake gane su, kamar ta Berlin a Jamus, mai tsawon mita 368, da aka buɗe a 1969. Zariya kuwa, alamarta ta ƙasa ce da azara: tsohon Masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau. Wanda ya gina shi shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, aka fi saninsa da Babban Gwani.

Ya yi zamani ne a farkon Daular Usmaniyya, lokacin da sarakunan jihadi ke neman manyan masallatai da za su dace da sabon mulki. A zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka ɗora masa aikin masallacin Zariya.

Gwanintarsa tana cikin rufin. Azarar giginya ba ta jin gara, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufi mai faɗi ita kaɗai. Sai ya riƙa jera ta hawa-hawa daga ginshiƙai, ana ɗaurewa ana shafe ta da ƙasa, har ta haɗu a sama ta zama bakan gizo. A kan waɗannan bakuna tulluwar rufin ke zaune, ba ƙarfe, ba siminti.

Labarin baka ya ce bayan ya yi wa Sarkin Birnin Gwari gini, sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a cikin birnin Zariya, kuma an gina kwafin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

A shekarun 1970 an lulluɓe tsohon ginin da sabon masallaci na siminti. Ranar 11 ga Agustan 2023 wani ɓangare ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu.

Kuɗi na iya tayar da bango. Amma maginan da suka iya ɗaurin bakan gizo sai raguwa suke yi, matasa sun koma bulo. Idan ba su koyar da na baya ba, sunan Babban Gwani kawai zai rage.