Giuseppe Piazzi (1746–1826): Masanin Taurarin da Ya Gano Ceres

An haifi Giuseppe Piazzi a ranar 16 ga Yuli, 1746, a garin Ponte da ke arewacin Italiya. Limamin Katolika ne da ya ƙware a lissafi, har aka ba shi koyarwa a birnin Palermo na tsibirin Sisili. Daga bisani ya tafi Faransa da Ingila don ƙaro ilimin taurari, ya dawo da na'urar auna matsayinsu, ya kafa cibiyar nazarin sararin samaniya a Palermo a shekarar 1790.

A daren 1 ga Janairu, 1801, shekara uku kafin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana duba sashen da Kaza da 'Ya'yanta suke, taurarin nan da manomin Aliero ko Maiyama yakan gani a tsakar sama da daren hunturu. Nan ya hangi wani ɗan haske da babu shi a jerin da ke hannunsa. Washegari ya tarar ya gusa. Tun da taurari ba su sauya matsayi a tsakaninsu cikin dare ɗaya, sai ya zaci tauraro mai wutsiya ne, amma rashin hazo a jikinsa ya sa shi kokwanto.

Ya bi sawunsa har 11 ga Fabrairu, sai ciwo ya kwantar da shi, hasken rana kuma ya ɓoye abin. Da ya ɓace ke nan, ba don wani matashin Bajamushe, Carl Friedrich Gauss, ya lissafo hanyarsa daga 'yan alƙaluman Piazzi ba. Da wannan lissafi aka sake ganinsa a Disamba, 1801.

Piazzi ya raɗa masa suna Ceres, gunkiyar noma ta Rumawa. Shi ne na farko da aka gano, kuma mafi girma, cikin duwatsun da ke kewaya rana tsakanin Mirrihi da Mushtari. Faɗinsa ya kai kimanin kilomita 940. A shekarar 2006 aka sanya shi cikin rukunin ƙananan duniyoyi, sannan kumbon Dawn na Amurka ya isa gare shi a 2015.

Piazzi ya wallafa jerin taurari 7,646 a shekarar 1814, ya rasu a Naples ranar 22 ga Yuli, 1826. Don tunawa da shi aka raɗa wa dutse na 1,000 a jerin irin waɗannan duwatsu suna Piazzia.