Tarihin Marigayi Faransis Bebey, Makaɗin Kamaru

An haifi Faransis Bebey a birnin Duwala na ƙasar Kamaru a shekara ta 1929. Ya yi karatu a Faransa da Amurka, ya yi aikin rediyo, sa'an nan a 1961 ya shiga hukumar UNESCO a Paris, inda aka danƙa masa sha'anin kaɗe-kaɗe. Marubuci ne kuma: littafinsa Le Fils d'Agatha Moudio ya ci babbar lambar adabin Afirka a 1968.

A faya-fayensa na farko, cikin shekarun 1960, shi kaɗai ne da gitarsa. A 1974 ya ajiye aikin ofis da albashinsa, ya rungumi kiɗa, ya mai da gidansa wurin ɗaukar sauti. Nan ya riƙa gama kayan kiɗa masu aiki da lantarki da na gargajiya, kamar sarewar mutanen kurmi da sanza, wato ɗan akwati mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da manyan yatsu. Yakan kaɗa kowanne da kansa, ya ɗora ɗaya bisa ɗaya har kiɗa ya cika.

Aikinsa ya nuna cewa na'ura ba ta kashe kiɗan Afirka, muddin mai riƙe da ita ya san asalinsa. A Nijar ma, Mamman Sani ya bi irin wannan hanya da kaset ɗinsa na farko a 1978.

Bebey ya rasu a Paris ran 28 ga Mayu 2001. A 2012 aka sake fitar da kiɗansa na lantarki, matasan da ba su san zamaninsa ba suka karɓe shi hannu biyu.