Sarki Oto na Ɗaya da Hakiman Jamus

An haifi Oto cikin shekara ta 912. Ranar da aka naɗa shi sarkin Jamus, a 936, manyan hakimai huɗu suka yi masa hidima wurin walima kamar barori. Amma biyayyar ta baki ce kawai. Ba a cika shekara uku ba hakiman Farankoniya da Loren suka yi tawaye, ƙanen sarki, Hanri, yana tare da su. A 939 aka kashe na farko a fagen fama, na biyu kuwa kogin Rin ya ci shi.

Daga nan Oto ya riƙe Farankoniya da kansa, sauran ƙasashen ya danƙa wa dangi: Babariya ga Hanri, bayan ya yafe masa, Suwabiya ga ɗansa, Loren ga surukinsa. Dabarar ba ta ɗore ba, gama a 953 ɗan da surukin suka juya masa baya. Sai ya ƙara jingina ga manyan limaman coci, waɗanda ba su da ƴaƴan da za su gaje su. Shi ke zaɓen su, ya ba su filaye da iko.

Bayan ya karya mayaƙan Hongiri a 955, ba babban hakimin da ya sake ɗaga masa kai. Fafaroma ya naɗa shi sarkin sarakuna a Roma cikin 962, ya rasu a 973.