Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Haƙƙin Masu Sana'a

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu a shekarar 1781. Ya zama Sarkin Musulmi a 1817 bayan rasuwar mahaifinsa, ya kuma mai da Wurno, kusa da Gulbin Rima, ribaɗinsa. A can Allah ya yi masa cikawa a 1837, can kuma kabarinsa yake.

Ban da sha'anin mulki, Bello shahararren marubuci ne. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina, da zaunar da su a kowane gari, da gyara kasuwanni da hanyoyi domin sana'a ta ci da mai ita.

Yau sana'o'i sun ƙaru. Akwai ma'aikatan jarida da rediyo da kwamfuta, da mawaƙan da ake sa waƙoƙinsu dare da rana. Duk hukuma ko kamfanin da ya tauye musu lada ya kauce wa tafarkin da Bello ya shimfiɗa.