Madam Clicquot, Gwauruwar Birnin Reims

A shekarar 2010 wasu masu nutso suka gano wani tsohon jirgin ruwa kwance a ƙarƙashin Tekun Baltik, kusa da tsibiran Åland na ƙasar Finlan. A cikinsa suka tarar da kwalabe 168 na shamfen, wato giyar inabi mai kumfa da ake yi a yankin Champagne na ƙasar Faransa. Kwalaben sun shekara wajen 170 a cikin duhu da sanyin teku. Da aka duba abin da aka toshe bakinsu da shi, sai aka ga 47 daga cikinsu suna ɗauke da tambarin kamfanin wata mace, Madam Clicquot. Tana da rai aka cika su.

An haifi Barbe-Nicole Ponsardin a birnin Reims ranar 16 ga Disamba, 1777. Mahaifinta, Nicolas Ponsardin, attajiri ne mai masaƙa, wanda daga baya ya zama magajin garin. A shekarar 1798 aka aurar da ita ga François Clicquot, ɗan wani attajirin da ke cinikin tufafi yana kuma taɓa sayar da giya. Suka haifi 'ya ɗaya, Clémentine. Zaman bai daɗe ba, domin mijin ya mutu a 1805, ya bar ta tana 'yar shekara 27.

A dokar Faransa ta wancan zamani, matar aure ba ta da ikon yin kasuwanci sai da iznin mijinta, amma wadda mijinta ya mutu tana iya riƙe dukiyarta da kanta. Surukinta ya yi niyyar rufe harkar giyar, sai ta roƙe shi ya bar mata, ya kuwa amince. Shekarun farko ba su yi mata daɗi ba. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun toshe hanyoyin teku, kaya ba sa fita, kuɗi ba sa shigowa. Duk da haka ba ta karaya ba. A 1810 ta kafa kamfanin da sunanta, Veuve Clicquot-Ponsardin. Kalmar veuve a Faransanci tana nufin matar da mijinta ya mutu. A wannan shekara ce kuma ta yi shamfen da inabin kaka guda, ba tare da gauraya shi da na wasu shekaru ba. Irin wannan ne masu tara tsohuwar giya suke nema har yau.

Inabin shekarar 1811 ya yi kyau ƙwarai, kuma da yake a shekarar ne wata tauraruwa mai wutsiya ta bayyana, sai aka laƙaba wa giyar sunanta. Madam Clicquot ta adana ta tana jiran ranar sayarwa. A 1814, da Napoleon ya faɗi, tun kafin Rasha ta buɗe ƙofarta ga giyar Faransa, sai ta yi hayar jirgi a asirce, ta loda masa kwalabe 10,550, ta tura wakilinta Louis Bohne ya raka su. Kasada ce babba: da an kama jirgin, ko zafi ya farfasa kwalaben, da ta tsiyace. Jirgin ya isa Königsberg lafiya, daga nan kayan suka wuce St. Petersburg, suka riga na kowa shiga kasuwa. Tun daga lokacin sunanta ya kafu a wurin manyan Rasha.

Amma fa akwai sauran aiki. Kumfar shamfen tana samuwa ne idan yis ya cinye sukari a cikin kwalbar da aka toshe, kuma idan ya gama aikinsa yakan bar laka mai gurɓata giyar. A da, sai an yi ta juye ta daga wannan kwalba zuwa waccan, kumfa na tsirarewa. Wajen 1816 ita da shugaban ma'ajiyarta, Antoine de Müller, suka fito da dabara. Aka huda ramuka a jikin tebur, aka soka kwalabe a ciki baki ƙasa, kullum a ɗan murɗa kowace ɗaya. Bayan 'yan makonni sai laka ta taru a wuyan kwalba. Ana buɗewa sai iskar ciki ta feso ta waje, a cike gurbin, a sake toshewa. Ta haka giyar ta zama garau, aka kuma iya yin ta da yawa. Har yanzu da wannan hikima ake aiki, ko da yake a yawancin wurare injuna ne ke juya kwalaben.

Madam Clicquot ba ta sake aure ba. Ta mutu ranar 29 ga Yuli, 1866, a gidanta na Boursault, tana da shekara 88, abokin cinikinta Édouard Werlé ya ci gaba da riƙon kamfanin.

Kwalaben nan na Tekun Baltik sun zama shaidar ingancin aikinta. Masanan da suka ɗanɗana giyar sun tarar ba ta lalace ba. Da farko warin cuku ta yi, amma da ta sha iska sai ƙanshin hayaƙi da na jemammiyar fata suka fito. Binciken da aka buga a 2015 ya nuna akwai sukari fiye da giram 140 a kowace lita, alhali yawancin shamfen na yau bai wuce giram 12 ba. A 2011 aka yi gwanjon kwalba ɗaya daga cikinsu a garin Mariehamn, aka saye ta Yuro 30,000, shekara 145 bayan mutuwar matar da ta cika ta.